Tafin Hannun Malam Zakariya'u

Kullum da sassafe Malam Zakariya'u yakan taso daga Jiratawa a kan tsohon babur ɗinsa, ya iso Sabon Garin Maraɗi kafin masu ƙosai su sauke kasko. Garejinsa gindin bishiya ne da akwatin ƙarfe da benci. A nan ya tsufa yana leƙa cikin motocin mutane. Wannan makon ya ajiye aiki, domin hannun damansa ya daina riƙe komai. Ni na ga abin da ya sami hannun nan, kuma har yau ban manta ba.

Wani hali gare shi da 'yan'uwansa makanikai ke yi masa tsiya a kai. Idan mutum ya ce zai yi gyara da kansa a gida, ba ya ɓata rai. Zai ara masa kayan aiki, ya koya masa, sannan ya bi shi har gida ba tare da an gayyace shi ba. Direbobin Tsibiri suna cewa ya fi uwar amarya sa ido.

Ilyasu, mijin ƙanwata Tsahara, yana jigilar mutane tsakanin Tsibiri da Maraɗi. Wata shekara can baya, man kwalba na bakin hanya ya kashe masa famfon da ke tura mai daga tanki zuwa inji. Ya sayo sabo, ya ce shi zai sa. Malam Zakariya'u ya ba shi kayan aiki, ya ce masa: "Ka cire kan batir tukuna. Ka fidda motar waje, nesa da murhu. Mai ba ya shawara da kowa."

Ilyasu ya cire kan batir, amma rana ta yi zafi, sai ya bar motar a inuwar tsakar gida, ga wuta na ci a murhu. Ya ɗaga kujerar baya, ya buɗe tanki, ya tsiyaye man a cikin jarka ruwan ɗorawa. Irin jarkar nan ce da kowane gida ke ɗebo ruwa da ita. Ya kuwa ajiye ta kusa da randa, cikin jarkokin ruwa.

Ranar na kai musu ziyara, ina zaune a kan tabarma ina shan fura aka yi sallama daga zaure. Ilyasu ya gane muryar, ya daburce kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Ya ce da matarsa: "Maza kashe wutar nan, ga Malam nan!" Tsahara tana goye da jaririyarta, tana fama da mura, hancinta a toshe. Ta sunkuci jarkar da ta fi kusa, ta tuttula a murhu.

Innalillahi! Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Wuta ta yi sama, ta biyo man har bakin jarkar da ke hannunta. Ga goyo a bayanta, ga tanki a buɗe kusa da ita. Ni da Ilyasu, maza biyu, muka sandare.

Malam Zakariya'u, kai ne ka shigo a guje. Ba ka tsaya neman tsumma ba. Ka fizge jarkar, ka kifa tafin hannunka a bakinta, a kan wutar, ka danne. Ka ture Tsahara gefe da kafaɗa, ka fice da jarkar hannun rigarka na ci. Muna jin ka daga waje kana ihu: "Ƙasa! Ku zuba ƙasa, kar wanda ya taɓa ruwa!" Sai a lokacin ƙafafunmu suka saku, muka rufe murhun da rairayi.

Da na fita na tarar da shi durƙushe, ya cusa hannun cikin yashi. Da ya zaro shi na kau da kai, wallahi ban iya kallo ba. Shi kuwa tambayarsa ɗaya: "Ɗiyar fa? Mi ya same ta?" Ko gashin kanta bai ƙone ba.

Hannun ya warke a ƙanƙance. Ya koma aiki da hagu, daman na tallafa masa, har ya kai ba ya iyawa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce tsautsayin aiki ne. Ya hana mu faɗin gaskiya, wai kada gari ya sa Tsahara a baki a ce ta kusa ƙone 'yarta.

Na gode, Malam, namijin duniya. Zuri'armu duka ta gode. Allah ya saka maka da abin da ba mu iya biya. Ku masu sana'a, ku ɗauki halin mutumin nan: in kun koya wa mutum aiki, ku bi shi ku gani. Ku masu gyara a gida, ku fitar da mota waje, kada kuma ku zuba mai a abin ruwa.

Kafin in rubuta wannan na je Tsibiri na nemi izinin Tsahara, na ce zan sakaya sunanta. Ta dubi yarinyar, wadda yanzu ta shiga makaranta. Sannan ta ce: "A'a, Yaya. Ka sa sunana. Ya ɓoye ni da hannunsa sau ɗaya, ya ɓoye ni da bakinsa shekara da shekaru. Ya isa haka. A bar mutane su san don wa ya rasa hannun."