Sun Mai Da Laɗifu Gida

A takarda sunansa Lateef Ayinde, amma daga Funtua har Malumfashi ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa da wannan. Laɗifu ake ce masa, shi ma haka yake kiran kansa. A Funtua aka binne cibiyarsa. Mahaifinsa, Baba Ayinde, Bayarabe ne mai sayar da kayan keke a bakin tasha, ya tsufa a garin amma Hausarsa ba ta taɓa miƙewa ba. Shi kuwa ɗan, Hausa raɗau a bakinsa, Yarabancinsa na gaisuwa ne da na sauraron faɗa.

Da ya gama sakandare a farkon shekarun saba'in kowa ya zaci ofis zai nema, sai ga shi a bayan motar Alhaji Maitama. Alhaji ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, yana sayen auduga da hatsi. Yana da sito biyu, da 'yan motocin kaya, da wani allo a ƙofa mai ɗauke da sunan kamfani wanda shi kansa bai iya karanta shi ba. Laɗifu ya zama mai saye masa. Da taki da sabon iri suka shigo, masara ta cika ƙasar, sai kakarsa ta yanke saƙa.

Ba wai ya fi kowa sanin hatsi ba ne. Abin da ya iya shi ne yanke magana. Alhaji ya sakar masa hannu, in ya ce "na saya" to an gama, ba sai ya je tambayar kowa ba. Manoma suna son mutum irin wannan, domin wanda ya taso tun asuba da jaki ba ya son a ja masa rai. A yawon sayen ne ya ga Kulu a Gozaki, ya aure ta. Duk burinsa a duniya bai wuce haka ba: ya tsufa a tsakanin waɗannan kasuwanni, maganarsa tana da nauyi.

Ana nan sai wani babban banki mai hedikwata a Ikko ya buɗe reshe a Funtua, da sashen cinikin amfanin gona. Manajan, Mista Chukwuma, yana neman wanda ya san manoma kuma ya iya Turanci, aka nuna masa Laɗifu. Albashi duk wata, babur, asibiti kyauta, fansho in an tsufa.

Laɗifu ya rasa inda zai sa kansa. Ya je wa Alhaji da maganar, kansa a ƙasa. Alhaji ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, "Ni ba ni da fansho, Laɗifu. In mun samu mu ci tare, in mun faɗi mu faɗi tare. Daga bana zan riƙa ware maka kaso a riba. Amma ba zan riƙe ka ba."

A gida kuwa Baba Ayinde bai tsaya murza komai ba. Ya tara dattawan ƙungiyarsu ta Yarabawa 'yan garinsu, suka zauna a tsakar gida kamar masu shari'a. "Don ka hau bayan mota na sa ka makaranta?" in ji shi. "Alhaji mutumin kirki ne, amma mutum ne, zai iya mutuwa gobe. Ka taɓa jin an yi jana'izar banki?" Dattawan suka gyaɗa kai. Ba wanda ya tambayi Laɗifu abin da yake so. Ya saba yanke ciniki a tsaye, amma nasa cinikin a zaune aka yanke masa shi.

Ya shiga banki, ya ɗaura laktaye kamar an kama akuya. Aikin dai sayen hatsi ne, sai dai yanzu kafin ya ce "na saya" sai an buga waya Kaduna, Kaduna ta tambayi Ikko. Kafin amsa ta dawo farashi ya tashi, manomi ya sayar wa wani. Abin yana cin ransa, amma ya haƙura, tunda ko ba komai yana kwana a Funtua, ranar kasuwa kuma yana cikin mutanensa.

Bayan 'yan shekaru Mista Chukwuma ya kira shi ofis, fuskarsa fal fara'a. "Albishirinka, an ƙara maka girma. Kuma wani a hedikwata ya ga sunanka ya tausaya maka, ya ce ka daɗe a Arewa. Sun mai da kai gida."

"Gidan wa, ranka ya daɗe?"

"Ondo. Sashen koko."

Laɗifu bai taɓa ganin itacen koko ba, wanda ake yin cakulati da 'ya'yansa, kuma Ondo ko garin ubansa ba ce. Ya roƙa, ya yi bayani. Manajan ya daina murmushi ya ce, "Ni da kake gani, iyalina suna Inugu. Ba a tambaye ni ba, ni ma ba mai tambayata game da kai."

Haka ya tafi. A can masu sayar da koko suna jin Yarabancinsa sai su kalli juna su ce Bahaushe ya zo. Kulu ta bi shi, ta yi damina ɗaya ba ta da wanda za ta yi hira da shi sai yaranta, ta rame, ya maido ta Funtua da kansa. Duk shekara yana neman a maishe shi Arewa, duk shekara a ce ana dubawa. Alhaji Maitama ya aiko masa da wani direban motar goro cewa wurinsa yana nan. Laɗifu ya yi kuka da jin saƙon, amma aka gaya masa in ya bar aiki kafin shekarunsa su cika ba shi da ko sisin sallama. Ga Baba Ayinde ya kwanta ciwo, asibitin banki ke duba shi. Sai ya riƙa cewa bari wannan kakar ta wuce.

Kakar ba ta gama wucewa ba Alhaji ya rasu, a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Laɗifu ya ɗauki hutu ya taho ta'aziyya, a ransa ya gama shawarar ajiye aiki ya kama harka da babban ɗan Alhaji, Abdussamad. Ya tarar an raba gado. Ba a zalunci kowa ba, malamai suka raba yadda shari'a ta ce. An sayar da sito ɗaya don a fitar wa mata nasu, ɗayan ya zama gareji. Motocin kowa ya ja tasa. Abdussamad yashi yake ɗauka da tasa.

"Wallahi Yaya, har ya cika yana zancenka," in ji Abdussamad. "Amma ka gani, ba abin da ya saura da za a ce maka zo ka riƙe."

Ana gobe hutunsa zai ƙare ya hau mota zuwa kasuwar Tsiga, ba don komai ba sai don ya gani. Bai isa ba sai bayan la'asar, manyan masu saye duk sun loda sun tafi. Yana shiga ya ji an ƙwala masa kira. Jibo ne, wani tsohon manomi da ya daɗe yana sayar masa, zaune kan buhunan masara, jakinsa ɗaure a gefe.

"Na ji an ce ka dawo!" in ji tsohon. "Tun safe ake tayawa ina ƙi. Na ce mai kaya yana zuwa."

Laɗifu ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, da ka sayar. Ba ni da wanda zan saya wa."

"Bankin naku fa? Ya daina sayen masara?"

"Yana saye. Ni ne ba a ba ni ita ba."

Jibo ya dube shi, ya dubi kasuwar da ta watse. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da Laɗifu ya fi jin sauƙi. Ya miƙe da ƙyar ya kwance jakin, ya ce, "To kama mini mu ɗora, ɗana. Gida da nisa."

Laɗifu ya kama bakin buhun.