Ticha Tahidu da Kusurwar Gonar Salimatu

Kowace safiya, da an idar da sallar asuba, Ticha Tahidu zai sha kokonsa a tsaye, ya ɗaure jakar littattafai a bayan keke, ya kama hanyar makaranta daga Kukuo. Shekara talatin da huɗu yana koyar da lissafi. 'Ya'yana uku duk sun bi ta hannunsa. Wannan watan ya ajiye aiki, yanar ido ta rufe masa idon hagu, na daman ma ya soma. Ba a yi masa taron bankwana ba, shi ya sa na ce bari in faɗa.

Salimatu maƙwabciyata ce. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da 'yar gona a Gbalahi, mai kusurwa uku: kaɗanya, tsohuwar rijiya, da pilar siminti. Kuɓewa da masarar wurin su ne tuwonsu. Bara wani mai kuɗi ya sayi filin gefenta, ya ja katanga ta shiga tsakanin rijiya da pila, ya jibge yashi tifa-tifa. Pila ta ɓace. Ya ce ai dama babu wata pila.

Ta kai wa Ticha takardar gonar da marigayi ya bari tana kuka. Ya manna ta da idonsa ya karanta: kaɗanya zuwa rijiya mita tamanin, kaɗanya zuwa pila hamsin, rijiya zuwa pila saba'in.

"Mma Salimatu, share hawaye. Kaɗanyar tana nan?"

"Tana nan, Ticha."

"Rijiyar fa?"

"Ita ma."

"To pila ba ta je ko'ina ba."

Ranar Asabar muka tafi da dattijai biyu. Katanga ta hana a ja tef ɗin awo daga rijiya, sai Ticha ya zauna gindin kaɗanya da biro. Tamanin sau tamanin, hamsin sau hamsin, ya haɗa, ya cire saba'in sau saba'in, ya raba. Ya ce sunan abin dokar kosain: in ka san gefe uku, kusurwa ba ta ɓoye maka. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na ji ya ce, "Digiri sittin."

Tsoho Seidu, ɗaya daga dattijan, ya yi dariya. "Ticha, da biro za ka tono siminti?"

"Baba, kai dai riƙe mini bakin tef."

Ya fuskanci rijiya, ya juya sittin da ma'auninsa na katako, aka ja hamsin. Tef ya tsaya kan tulin yashi. Muka kwashe da kwano da fartanya. Wallahi ga guntun pila nan, an fasa kanta, gindin na cikin ƙasa. Salimatu ta durƙusa tana salati.

Sati biyu bayan nan aka sare kaɗanyar. Kaɗanya, wadda ko mai neman itacen girki yake jin nauyin taɓawa! Ba wanda ya ga mai saran. Guntun pila ma an haƙe. Katanga tana tsaye har yau, Salimatu rabin gona ta shuka bana, maganar tana wajen manya ana ta cewa gobe.

Ticha, kai ne ka tsaya cikin rana da ido ɗaya saboda marayun da ba naka ba. Kai ne mai awon gaskiya. Mun gode, Allah ya saka maka, ya buɗe maka ganinka.

Iyaye 'yan'uwana, gari yana cinye gonakinmu, mai iya wannan lissafin saboda Allah kuma idonsa na tafiya. Ku tura manyan 'ya'yanku ƙofar gidansa su koya, ya ce ba ya korar kowa. Na tura biyu daga cikin nawa. Su biyu kaɗai na tarar a kan benci.

Jiya Salimatu ta tambaye shi ko shi ke nan. Ya ce in dai kututturen kaɗanyar na nan, za a iya sake awo. Yau da safe ta je ta duba. Yana nan tukuna, amma an tara masa busasshiyar ciyawa a kai.