Diddigen da Nake Rufe Iri da Shi

Shekarar da aka tafi da maigidana aikin hanyar Madawa, ita ce shekarar da diddigen dama ya hana ni sakat. Da safe in na sauke ƙafa ƙasa, sai in ji kamar na taka ƙaya. In na ɗan yi tafiya ya lafa, in na zauna na tashi ya dawo sabo. Na duba, babu kumburi, babu tsaguwa.

Ga hadari yana haɗuwa kullum. Surukina zai yi sara da sungumi, ni ce mai zuba iri ina rufewa da diddige. Babu wata mace a gidan.

Sai na ɗingisa zuwa Urno wajen gwaggona, wadda ta iya tausa. Ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta shafa man kaɗe, ta danna babban yatsa gaban diddigen. Na yi ƙara.

"Nan ne," in ji ta. "Jijiya ce ta ɗaure, ɗiyata."

Ta ja yatsun ƙafar baya, tana murza tafin daga diddige zuwa gaba, sannan ta hau sharaɓa. Na ce, "Gwaggo, ba can ke ciwo ba."

"Daga can take jan ki. Yi shiru."

Ta ajiye taɓarya ƙasa, ta ce in riƙa mirgina ta da tafin ƙafa safe da yamma, in zauna wajenta kwana bakwai.

Kwana uku na yi. Na zauna, na tashi, na leƙa ƙofa, na dawo. Ko fura ba ta shiga. Rana ta huɗu ruwa ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika gida, na ɗaure zane na fita ban yi sallama ba.

Kafin azahar ina zaune bakin gona, ƙafar na zugi. Sai ga Gwaggo bisa jaki, da ɗan kaskon man kaɗenta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tausa ni nan ƙarƙashin gawo, ta naɗe tafin da tsumma, ta ce, "Rufe da hagu."

Hagun ba ta saba ba. Wani ramin na danne da yawa, wani na bar shi buɗe, zabbi suka tsince. Gero ya fito da giɓi-giɓi, sai da muka yi dashe. Gwaggo ta zauna gidanmu har aka gama noman farko, tana tausa mini ƙafar kowace safiya tana mita. Ciwon bai bar ni sarai ba sai da kaka.