Ƙugiyar da Baba Ya Ƙara

Tun yana saurayi abokan aiki suka laƙaba masa Ƙugiya, da furfura ta fito sai aka ɗora masa Baba a gaba, shi ke nan sunan ya zauna. Shekara talatin da takwas ya yi a maɗaba'a yana jera baƙaƙe, tun zamanin da ake tsintar su ɗaya bayan ɗaya daga akwati mai gida-gida, kowane baƙi ɗan guntun dalma. Akwatunan daga nesa ake sayo su, waɗanda suka ƙera su kuwa ba su san da ɓ da ɗ da ƙ ba. Sauran ma'aikata sai su sa b da d da k su wuce, su ce mai karatu ai zai gane. Shi kuwa sai ya zauna lokacin hutun rana da magagari da narkakkiyar dalma, yana yi wa baƙaƙe ƙugiya da hannunsa har yatsunsa suka yi kanta.

Labarin da ya fi so ya bayar shi ne na wani likitan ƙashi da ya kawo takardar talla. An riga an ɗora a inji, an buga ɗari biyar, Baba ya ɗauki ɗaya ya ga an rubuta likitan kashi. Ya kashe injin da kansa, mai maɗaba'a yana ta kumfar baki. Ya ce wallahi ba za a fita da mutum mai mutunci kan titi da wannan suna ba. In ya zo nan a labarin yakan yi dariya har ya cire tabarau, duk da iyalinsa sun ji shi fiye da sau ɗari.

Da kwamfuta ta zo ya koya, ba da son ransa ba. Da ido ya fara gajiya sai ya ajiye aiki ya koma gida da wani gwangwani mai baƙaƙen dalma uku a ciki, na ƙarshen da ya yi wa ƙugiya. Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya gyara rubutun kalandar bango, ya gyara takardar magani, har ya fara leƙa jerin cefanen da matarsa Hajiya take rubutawa. A nan ne autarsa ta ga abin zai kai ga rigima, ta buɗe masa shafi a intanet, ta nuna masa inda zai danna, ta sa masa baƙaƙe masu ƙugiya a waya. Ya sa wa shafin suna Akwatin Dalma, yana rubuta abin da ya tuna: warin tawada da safe, ƙarar inji, kalmomin da ya daina ji a bakin mutane. Masu karanta shi bakwai ne da farko, huɗu daga ciki 'ya'yansa.

Daga baya wani malamin makaranta ya ci karo da shafin, ya jefa shi cikin wani zauren marubuta na waya. Mutum sittin da wani abu ne a ciki, a warwatse a ƙasashe, akwai direba, akwai ɗalibai, akwai mai sayar da magani, kowa da ɗan shafinsa da yake rubutu da Hausa ya kawo a karanta. Sukan yi gardama ba ƙarewa kan ko wanda ya rubuta littafinsa da wani harshe har yanzu namu ne, da ko wanda aka haifa a nesa yana da bakin magana. Baba ba ya sa baki a wannan. Shi aikinsa ɗaya ne. Kullum da safe in ya gama shayi sai ya gyara zama a kujerar roba ta bakin taga, ya karanta duk abin da aka kawo, ya jero kurakurai da lamba ya tura cikin zaure a gaban kowa.

Tsoronsa suke ji, kuma gaskiyar magana abin yana masa daɗi. Bai taɓa ce wa kowa madalla ba. A ganinsa gyaran shi ne madallar, don wanda bai damu da kai ba ba zai ƙirga maka ɗigo ba. Shi ma ai shekara talatin da takwas babu wanda ya ce masa sannu, kuma bai mutu ba.

Cikinsu akwai wata da ake ce wa Nas, don aikin jinya take yi a wani asibiti can nesa. Tana ƙarama mahaifinta ya kwashe su ya bar gida, mahaifiyarta kuma ba Bahaushiya ba ce, don haka duk Hausar da take da ita daga bakin mutum ɗaya ta samo ta. Da ya rasu sai ta ga babu sauran wanda za ta yi wa magana da harshen, shi ne ta buɗe shafi tana rubutu don kada muryarsa ta fice mata daga kunne. Rubutunta cike yake da kurakurai, kuma ita da kanta ta faɗa wa zaure cewa kunnenta ba ya raba k da ƙ, duk ɗaya take jin su. Ita kaɗai ce take gode wa Baba a kan kowane gyara. Takan kwafe jerin nasa a littafi, ta ce masa Baba na gode, Allah ya ƙara lafiya. Yakan karanta ya yi gyaran murya, ba ya amsawa.

Wata Talata ta kawo rubutu a kan mahaifin nata. Ta ba da labarin yadda ta je wurin danginsa bayan rasuwar, karo na farko tun tana goye, ta tarar da gida cike da fuskoki masu kama da tasa. Ta san akwai wata tsohuwar magana a kan gidan gado, wadda ita ce ta raba shi da 'yan'uwansa, amma bai taɓa gaya mata wa ya cuci wani ba. Ranar da za ta tafi gwaggonta, yayar mahaifin, ta riƙe mata hannu ta ce da ita, babanki mutum ne mai kara. Nas ba ta san kalmar ba, kuma kunya ta hana ta tambaya. Sai ta ɗauke ta ta taho da ita yadda ake ƙulle abu a bakin mayafi, ta rufe rubutunta da ita.

Baba ya samu kurakurai ashirin da uku. Na ƙarshe shi ne wannan: kara ba daidai ba ne, ƙara ake rubutawa. Ya tura ya tashi ya je ya ba shuke-shukensa ruwa. Wa zai karanta jerin tsoho har zuwa lamba ashirin da uku? Malamin makarantar nan kaɗai ya kai can, shi ma ya ce wa kansa wane shi ya ja da Baba a kan ƙugiya.

Nas ta yi godiya kamar kullum, ta gyara, sannan ta buɗe ƙamus don yanzu ta san yadda ake rubuta kalmar. Ta tarar da ƙara: hayaniya, ko kai mutum gaban alƙali. Bayan kwana biyu shafinta ya rufe. Ta bar saƙo gajere a zaure, ta ce ta gode wa kowa amma za ta daina. Ta ce ashe gwaggo gaya mata take yi ubanta ne ya ja 'yan'uwansa zuwa kotu, ita kuma ta yi wata takwas tana rungume da zagi tana zaton yabo ne, har ta baza shi a duniya. Harshen da mutum ba ya gane zagi a cikinsa, in ji ta, ba nasa ba ne. Daga nan ta fice.

Baba ya karanta saƙon sau biyu, ransa ya sosu, amma bai ga hannunsa a ciki ba. Tausayin yarinyar ya ji, har ya yi tsaki ya ce wasu tsofaffin ba su da ta ido. Hajiya tana gefe tana ninke wanki a kan gado, ta tambaye shi wa ya taɓa shi da sassafe. Ya nemo kwafin rubutun Nas na farko da ya ajiye ya karanta mata da ƙarfi, har da gyaran da ya yi, kamar yadda ya saba in abu ya dame shi. Da ya kai ƙarshe sai ta tsaya da riga a hannu, ta ce ya sake karanta layin.

Ya sake.

"Malam, wace gwaggo ce za ta riƙe hannun marainiya ta ce mata ubanta mai ƙara ne? Kara ta ce. Yarinyar daidai ta rubuta."

Ya buɗe baki zai yi musu, sai ya ji kalmar a kunnensa yadda Hajiya ta faɗe ta, babu ƙugiya, kuma ya san ta sarai. Mahaifiyarsa ma takan faɗe ta. Ba rashin sani ya kayar da shi ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ya daɗe da daina karanta abin da yaran nan suke faɗa, farautar baƙaƙe kawai yake yi. Ya ga k tsirara, hannunsa ya ɗora mata ƙugiya kafin hankalinsa ya iso.

Hajiya ta ci gaba da ninkinta. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, ai ba laifinsa ba ne, kalmar ce bai saba hulɗa da ita ba. Shekara arba'in suna tare, ba ta taɓa gyara masa baƙi ɗaya ba, amma wannan ta shiga har ƙashi.

Yana iya tura wa yarinyar saƙo ita kaɗai, zaure ba zai taɓa sani ba, sunansa ya tsira. Ya yi wannan tunanin, kuma ya daɗe a kansa fiye da yadda zai so a sani. Amma a gaban mutum sittin ya tura lamba ashirin da uku. Ya rubuta a zaure da kuma saman shafinsa cewa shi ne ya yi kuskure, ita ce ta yi daidai, ya bayyana yadda abin ya faru bai rage komai ba.

Saura ita. Rubutu ne ya jawo abin, don haka ya ga gara ta ji da kunnenta. Autarsa ta nuna masa yadda ake tura murya. Sau biyar yana farawa yana gogewa, don bai saba da irin wannan maganar ba.

"'Yata, Baba ne. Ke ce kika rubuta daidai, ni na ɓata. Saurara: kara, ƙara. Ba ɗaya ba ne. Mai kara shi ne wanda yake da gaskiya a hannunsa amma ya ƙyale don kada ɗan'uwansa ya ji kunya. Ya ga kuskurenka, ya kawar da kai kamar bai gani ba. Ni ban san babanki ba, kuma ni ba irinsa ba ne. Kira gwaggonki ki tambaye ta. Ki yafe mini."

Kwana uku babu amsa. Bai tura jeri a zaure ba a kwanakin nan, ya dai zauna bakin taga yana juya gwangwanin dalmarsa, yana duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Abin da yake tsoro ba fushinta ba ne. Tsoronsa kada ya zama shi ne ya rufe bakin mahaifin yarinyar karo na biyu.

Ran nan da hantsi saƙo ya shigo. Ta ce ta kira gwaggo, sun fi awa suna kuka. Ashe lokacin rabon gidan 'yan'uwan ne suka danne masa rabonsa, kowa ya ce ya kai su ƙara, shi kuwa ya ce ba zai tsaya da yayarsa gaban alƙali ba, ya tattara iyalinsa ya tafi, kuma har ya koma ga Allah bai tayar da maganar ba, ko ga 'yarsa. Ta ce ta buɗe shafin. A ƙasa ta rubuta, da sauri, tsakanin majinyaci da majinyaci:

"Baba na gode. Na dauka na bata sunansa. Yau na ji kamar yana daki daya da ni."

Idon Baba ya ƙirga da kansa, ba sai an sa shi ba. Huɗu ne. Babban yatsansa har ya sauka a kan lamba ɗaya. Ya tsaya ya sake karanta saƙon tun daga farko, a hankali, sai da ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

Ya rubuta mata, "Madalla, 'yata. Ci gaba da rubutu." Ya duba ya ga babu abin ƙarawa, ya tura, ya kifa wayar a kan cinya.

Hajiya ta leƙo daga ƙofa ta tambaye shi kurakurai nawa ya samu yau. Ya ce bai ga ko ɗaya ba.