Kwamfutar Mai Tafireta

Shagonta yana ƙarƙashin matakalar wani bene, daura da ofishin fansho. Tebur ɗaya ne a ciki, da kujerarta, da benci mai ɗaukar mutum uku in sun matsa wa juna. Da tafireta ta fara aiki, shi ya sa har bayan ta koma kwamfuta sunan bai sake ta ba, yaro da babba Mai Tafireta suke ce mata. Shekara ashirin da bakwai tana buga wa mutane takardu: na neman aiki, na koke, na gado, na neman haƙƙin mamaci. Mutum zai zauna ya yi ta kame-kame, ya fara daga ƙarshe ya dawo farko, ita kuwa tana saurare, yatsunta na tafiya. In ta karanto masa sai ya ce wallahi abin da ke ransa ke nan. Da wannan teburin ta riƙe 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta.

Kwamfutar irin ta kan tebur ce, mai babban akwati, ta shekara goma sha ɗaya a wurinta. Haruffan kibod ɗin duk sun goge, amma ba ta duba su dama. Akwai kuma firinta, tsohuwa mai nauyi kamar dutsen niƙa, wadda ba ta taɓa cin takarda ba sai sau biyu, kuma duka biyun ta tuna ranar.

Wata Litinin ofishin fansho ya manna sanarwa cewa daga ƙarshen wata ba a karɓar takarda a hannu, sai an cika ta a shafinsu na intanet. Ta gwada shafin ya ƙi buɗewa. Saƙo ya fito cewa manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta tsufa, an daina kula da ita, sai an saka sabuwa. Ta nemi sabuwar, ita ma ta duba injin ta ce bai kai ba.

Mutum biyu ta kira. Ɗaya ƙaninta, wanda ke aiki a wani kamfanin inshora, ɗayan kuma mai gyaran kwamfuta na hawa na biyu, wanda ake ce wa Injiniya. Suka haɗu a bencin nan, kuma tun kafin su gama gaisawa gardama ta kaure.

Ƙanin ya ce sabuwar manhajar ta fi sauri, ta fi tsaro, a ofishinsu kafin mutum ya ajiye jakarsa ta gama tashi. Amma tana son injin zamani, mai ƙwaƙwalwa ninkin wannan huɗu, da wani ɗan guntun tsaro a jikin allon ciki wanda tsofaffi ba su da shi. Injiniya ya ce saurin banza, kwaɗayi ne da ita, rabin ƙwaƙwalwar take cinyewa tun ba a buɗe komai ba. Ya ce injin nan lafiyarsa ƙalau, masu sayar da sababbi ne kawai ke so a zubar da shi. A ƙara masa ƙwaƙwalwa, a canza faifan ajiya, shi ya san hanyar da zai bi ta bayan gida ya cusa manhajar.

"Yaya, kada ki yarda," in ji ƙanin. "Ɗora wa jaki kayan raƙumi ne."

"Anti, jakin nan na san shi," in ji Injiniya. "Ni nake yi masa wanka shekara goma."

Ta yi dariya, ta ce su bar zagin abokin aikinta a gabanta. Kwana uku suna dawowa, kowa da hujjarsa a waya, wannan ya nuna bidiyo, wancan ya nuna lambobi. Ba wanda ya tambaye ta me take yi da kwamfutar. Ita dai abin da ta sani, ba ta taɓa sa mai takarda ya jira ba.

A ƙarshe ta bi Injiniya, domin tasa ce aljihunta zai iya, kuma ba ta son rabuwa da injin. Ya ɗauke shi kwana biyu ya dawo da shi. Manhajar ta hau, shafin fansho ya buɗe, har Injiniya ya kira ƙanin don ya gani da idonsa. Sai dai daga ranar komai ya yi nauyi. Ta buga jimla, ta ɗaga kai, haruffan na biyo baya ɗaya bayan ɗaya kamar masu ciwon ƙafa. Fankar cikin akwatin ta yi ta gurnani. Wani lokaci ana tsaka da aiki sai injin ya ce yana sabunta kansa, a jira. Firinta kuwa sabuwar manhajar ta ce ba ta san ta ba. Injiniya ya yi yini guda yana neman manhajar da za ta haɗa su, ya sauko yana sosa ƙeya ya ce masu ƙera ta sun daina yi mata komai tuntuni.

Mutane suka fara zama a benci suna duba agogo. Wasu su ce bari su je su dawo, kuma tana ganinsu ta ƙofa suna tsallaka titi zuwa wani sabon shagon buga takardu mai gilashi. Ba ta ga laifinsu ba.

Ƙanin bai ce ai na faɗa ba. Ranar Asabar ya zo da kwamfutar cinya sabuwa fil, da ƙaramar firinta, ya ajiye ya ce kyauta ce. Gaskiyarsa kuwa, tana da sauri. Amma maɓallanta a kwance suke, a matse, kuma yatsun Mai Tafireta sun riga sun kumbura a gaɓoɓi. Allon ƙarami ne, rubutun siriri. In tafin hannunta ya taɓa wani wuri sai rubutu ya yi tsalle ya faɗa wani layin. Ita da ta saba buga takarda tana kallon fuskar mai magana ta koma sunkuye tana neman harafi.

A mako na uku wata mata ta zo, mijinta direba ne ya rasu, tana neman haƙƙinsa. Mai Tafireta ta cika mata komai ta tura. Bayan kwana goma matar ta dawo da goyo a baya. An mayar da takardar, lamba ɗaya ta kuskure a lambar aikin mamacin, sai ta sake shiga layi, wata huɗu ko biyar. Ba ta yi faɗa ba.

"Inna, ni dai an ce min in na zo wurinki ba a samun kuskure," ta ce.

Mai Tafireta ta duba takardar, ta duba ta asali. Bakwai ce ta zama takwas. Ta ba matar haƙuri, ta raka ta da kanta ofishin, ta roƙi duk wanda ta sani a ciki, suka ce ba a hannunsu yake ba, na'ura ce ke jera layi. Ta dawo ta zauna har la'asar ba ta kunna komai ba.

Ƙarshen watan ta mayar da makullin shagon. Ƙanin ya roƙe ta, ya ce za a sayo babban kibod da babban allo a jona, Injiniya ma ya ce shi zai haɗa kyauta, karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya. Ta ce ta gode, amma wanda ya fara shakkar hannunsa bai kamata a ba shi amanar takardar marayu ba.

Yanzu tana gidan babbar 'yarta. Ta ba jikarta da ke jami'a kwamfutar cinyar. Tsohon injin Injiniya ya kwance shi, ya sayar da abin da ya sayu. Har yau ba ta daina bin maganar matar direban ba. Duk ranar Laraba takan shiga mota ta je ofishin fansho ta tambaya ko layi ya kai kan matar, a ce mata tukuna, ta koma gida.