Benen da Yaya Sahabi ya ƙi sa wa hannu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Injiniya Sahabi, amma har yau akwai gidajen da ba a son jin sunansa a Yelwa.

Wani kamfani ne ya zo da zanen otal a bakin tafkin Kainji, bene da suka ce babu mai tsawonsa a duk Arewa. Aka kafa allo da hotonsa, 'yan kabu-kabu na tsayawa kallo, samari suka yi ta kai sunayensu neman aiki. Da yake Yaya ɗan gari ne, shi aka ba gwajin ƙasar wurin.

Wata biyu yana haƙa. Yashi da laka ya tarar, ga ruwa kusa. Ya rubuta cewa ƙasar ba za ta ɗauki ginin ba sai an nutsa fandisho, wato tushen ginin, da zurfin gaske, aikin da kamfanin bai shirya yi ba. Suka ce ya gyara rahoton. Ya ƙi.

Ina tsakar gida ranar da Kawu Haruna, ƙanen Inna, ya shigo. Ko zama bai yi ba.

"Sahabi, 'ya'yana uku ke jiran aikin nan. Sa hannu kawai aka ce ka yi."

"Kawu, in na sa, su ne za su tsaya ƙarƙashin benen."

Inna tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba.

Masu zuba jari suka ga rahoton, suka janye. Daga nan har a kasuwar kifi wasu suka daina amsa sallamarsa. Bai taɓa murna da rushewar aikin ba. Shi ma ya so a yi ginin. Haka ya zauna da abin a ransa har ciwon ajali ya zo.

Yanzu kullum ina ganin hotunan dogayen gine-gine a waya, ana alkawarinsu a manyan birane, sannan a ji shiru: ko jari ya tsaya, ko gwamnati ta sauya, ko ƙasa ta ƙi. Da Yaya yana nan, na san tambayarsa: an haƙa kuwa, ko zanen kawai aka gani?

'Ya'yan Kawu sun tafi ci-rani, biyu ba su dawo garin ba. Ba zan ce ba su yi rashi ba. Abin da ke cin raina shi ne, su ana iya nuna su da yatsa. Mutanen da Yaya ya ceta kuwa suna nan suna yawo cikin gari, kuma ko ɗayansu bai san an cece shi ba. Allah ya jiƙansa.