Wayar da Na Zare

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ɗana, mai binciken magunguna, yana da shekara talatin da takwas. Ciwon sikila da ya zo duniya da shi ne ajalinsa. Ya bar mata da 'ya ɗaya, 'yar shekara shida, ita ma ciwon ne a jikinta.

Ɗana, ban taɓa yabonka a gaban idonka ba, don a ganina yabo ɓata yaro yake yi. Yau zan yi, ba ka ji.

Tsofaffin kwamfutoci uku ka jera a ɗakin baya, kusa da teburin guga. Ka ce suna gwada dubban sinadarai ne a lissafe, su tace wanda zai iya zama maganin sikila kafin a kai shi ɗakin gwaji. Kowane zagaye kwana ashirin yake ci. Ni kuwa abin da nake gani, ƙato da gemu yana gadin akwatuna masu gurnani. Wata Asabar na zare wayarsu daga bango na jona dutsen guga. Ashe kwana goma sha bakwai ke nan da farawa. Ka dawo ka tsaya a bakin ƙofa kana kallon allon da ya yi baƙi.

"Umma, zanen dai ya gogu ko?"

"Ya gogu. Kai kuma ka nemi aikin yi."

Ka yi dariya, ka kunna, ka faro daga farko. Ko sau ɗaya ba ka goranta mini ba.

Da abokan aikinka suka zo gaisuwa, babbansu ya ce yanzu kwamfutoci masu ƙarfi sun yi sauƙi, har ƙaramin ofishinku ya samu ɗaya. Aikin kwana ashirin, wuni guda take gamawa. Ta iso kana asibiti, ko kwalinta ba ka gani ba. Shekara bakwai kana jiran injuna su gama tunani, jikinka kuwa bai jira ba.

To ku abokan aikinsa, da ku nake. Kuka a tabarmar makoki ba shi ne zumunci ba. Sinadarai goma sha ɗaya ya ware, suna cikin jan littafinsa, kuma ba ni da ilimin karanta su. Jikata ta kwanta a asibiti sau uku a bana. Jiya ta riƙe gwiwarta tana tambayata wa zai ƙarasa mata maganin Abba. Ban iya yi mata ƙarya ba. Ban saba roƙo ba, amma ina roƙonku: ku zo ku ɗauki littafin nan a makon nan, ba bayan kun huta ba.

Allah Ya jiƙanka, ɗana, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya yalwata kabarinka. Surukata, Allah Ya ba ki haƙuri. Ya Allah, Ka ara wa yarinyar nan kwanaki har aikin ubanta ya iske ta.